Mai Sawu a Gaba, Mai Izini a Baya: Tarihin Farautar Yamusa a Kwarin Binuwai

Da asubar fari a watan Janairu, sa'ad da hunturu ya rufe kwarin Binuwai da hazo, mota kan tsaya a bakin wani fili mai kanwa a dajin da ke kudu da Garwa, inda namun dawa ke zuwa lasa da dare. Mutum biyu su diro, su zaga filin a sunkuye, ba mai cewa uffan. Ƙasar cike take da sawu, ga na ɓauna, ga na gwanki, ga na kanki da na gadu. Abin da suke nema shi ne kofato mai faɗi kamar na bijimin sa, wanda gefensa bai riga ya zube ba. In sun same shi, ɗaya ya tsinci kashin dabbar ya murza a yatsa don ya ji ko da sauran danshi, sannan ya ɗaga hannu ya nuna inda garken ya dosa. Daga nan sai ƙafa. A bayansu akwai jagoran farauta mai riƙe da hayar dajin, galibi Bature, a bayansa baƙon da ya taso daga Amurka ko Sifen ko Jamus ya zuba dubban daloli, can ƙarshe kuma masu ɗaukar ruwa. Haka za a yini, wani lokaci kwana goma a jere. In an dace, baƙon ne zai durƙusa a bayan ƙaho a ɗauke shi hoto, sunansa kuma shi zai shiga littafin bajinta. Wannan jerin gwano, wanda ya sani a gaba, wanda ke da izini a baya, bai haura shekara ɗari da 'yan kai ba a duniya. Doka ce ta ƙera shi, ta raba sanin daji da ikon daji ta ba wa mutane daban-daban, kuma a ganina wannan rabuwa ita ce ainihin tarihin sana'ar, ita ce kuma raunin da ke cin ta a yau.

Dabbar da ake wannan wahala dominta, Fulanin Adamawa suna ce mata yamusa, Turawa kuma iland ta Lod Darbi. Ba ta da na biyu a girma cikin dangin gwanki da barewa: bijiminta kan doshi kilo 900, ƙahonsa murɗaɗɗe kan haura mita guda, jikinsa ja da fararen zane a haƙarƙari, wuyansa kuma yakan yi baƙi ƙirin a tsakiyar hunturu. Ganye take ci fiye da ciyawa, musamman tohon doka, itacen da masana tsirrai suka bar masa sunansa na Hausa a cikin sunan kimiyya. Inda dajin doka ya miƙe, daga Kamaru zuwa kudancin Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya har Sudan ta Kudu, nan ne gidanta. Halinta shi ya haifi irin farautarta. Ba ta da wurin kwana guda, tana ci tana tafiya, ga tsoro ga kunne ga hanci, in ta tsorata kuma sai ta kama sassarfa ta yi ta yi har ta gajiyar da mai binta. Ba a yi mata bago a bakin ruwa a ce lalle za ta zo, ba a kuma hango ta daga mota a fili kamar namun Sarangeti. Wanda bai iya karatun ƙasa ba, ba zai taɓa ganinta ba sai bisa tsautsayi.

Kafin zuwan Turawa, mai karatun ƙasa da mai harbi mutum ɗaya ne. Ƙabilun yankin, irin su Duru da Mbum da Dama da Gbaya, suna da maharbansu da farautar gayya ta lokacin ƙunar daji, kowane gari da dajinsa da aka san iyakarsa. Da Fulani suka kafa masarautun Adamawa a farkon ƙarni na 19, har da Rai Buba wadda Ardo Buba Njidda ya kafa, sai cinikin hauren giwa ya jawo fatake da maharban Hausawa zuwa Tibati da Banyo da Ngaundare, da kwari da baka, da dafin kwankwani, da sangon da ake cusawa a bakin bindiga don giwa. Kada a ɗauka wancan zamani daji na kowa da kowa ne. Sarakuna suna da rabonsu a haure, baƙon maharbi sai ya nemi izini ya kai gaisuwa, kuma an zubar da jinin mutane da na giwaye a wannan ciniki. Sai dai duk da haka, wanda ya bi sawu shi ke sakin kibiya, shi ke raba nama, shi ake yi wa kirari. Wannan ne ya sa sana'ar ke da sarautu irin su sarkin baka da sarkin dawa, ya sa uba ke jan ɗansa daji tun yana ƙarami ya koya masa sanɗa da burtu, domin ya san abin da yake koya masa zai ciyar da shi ya kuma ɗaga shi a idon jama'a.

Turawa sun fara sanin yamusa ta fata da ƙaho kafin su gan ta a raye. A 1847 John Edward Gray ya raɗa mata suna don girmama Lod Darbi na 13, wanda ma'aikacinsa ya kawo samfurinta daga yankin Gambiya, a 1863 kuma Bajamushe Theodor von Heuglin ya bayyana irinta na gabas daga yankin Baharul Gazal. Abin da ya mayar da ita abin nema shi ne awo. A 1892 kamfanin Rowland Ward na Landan ya fara buga littafin da ke jera tsawon ƙahonni da sunayen waɗanda suka harbe su, daga nan dabba ta zama lamba, lamba kuma ta zama abin gasa tsakanin hafsoshi da attajirai. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya rufe doguwar tafiyarsa ta 1909 zuwa 1910 da neman yamusa a gaɓar Nilu kusa da Rajaf, ya same ta bayan shan rana. Shekara guda bayansa, a 1911, Frederick Selous, wanda Ingila ke ɗauka babu maharbi kamarsa a Afirka, ya shiga Baharul Gazal domin ita kaɗai, ya dawo hannu rabbana. Irin wannan labari ƙara mata daraja ya yi. Ita kanta kalmar safari da aka laƙaba wa sana'ar ta Sawahili ce, tushenta Larabci, 'yar'uwar safarar da fataken Hausa ke yi. A bakin Turawa ne ta sauya ma'ana daga tafiyar neman abinci zuwa tafiyar neman suna.

Sai doka ta zo. Annobar bushiya ta shekarun 1890 ta share shanu da ɓauna da manyan namun dawa daga gabashin nahiyar zuwa yammacinta, cinikin haure kuma ya rage giwaye, sai ƙasashen mulkin mallaka suka firgita cewa abin harbi zai ƙare. Suka taru a Landan a 1900, suka sake taruwa a 1933, kuma yarjejeniya ta biyun ce ta zama uwa ga dokokin farauta na kusan dukkan nahiyar. Ya kamata a dubi abin da ta hana da idon basira. Ta hana farauta da mota ko jirgin sama. Ta kuma nemi a hana kewaye dabba da wuta, da dafi da makami mai dafi, da rami da raga da tarko. Hani na farko ya shafi Bature, kuma bai raba shi da farauta ba, sauko da shi ƙasa kawai ya yi, ya ce ya taka da ƙafa. Hakan ya zo daidai da taƙamar bin sawu, wai farauta ce ta adalci da ake ba dabba damar tsira. Hani na biyu kuwa ya kwashe kusan duk kayan aikin maharbin ƙasa. Abin da ya rage halal shi ne bindigar zamani da lasisi, biyun da talaka ba shi da kuɗinsu, sau da yawa ma ba shi da izinin mallakarsu. A Kamarun Faransa an keɓe dajin Binuwai a 1932, aka bi da na Faro da na Buba Njidda, a Najeriya kuma dokar kare namun daji ta 1916 ta riga ta kama wannan hanya. Masanin tarihi Edward Steinhart ya sa wa littafinsa kan Kenya suna da ke nufin baƙaƙe ɓarayin nama, farare maharba, kuma sunan ya dace da kwarin Binuwai kamar don shi aka yi. Dokar da ta tilasta wa baƙo ya bi sawu, alhali bai iya ba, ita ce ta kori wanda ya iya daga sana'arsa. Ba a jima ba suka haɗu, ɗaya mai gida, ɗaya yaro.

'Yancin kai na 1960 bai warware wannan ƙulli ba, ƙara ɗaure shi ya yi. Gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ta mayar da Binuwai da Buba Njidda gandun daji na ƙasa a 1968, aka buɗe makarantar horar da jami'an namun daji a Garwa a 1970, Faro ya biyo baya a 1980. A kewayen gandayen uku aka yanka dajin gunduwa-gunduwa, yankunan farauta kusan talatin, ana ba da su haya na shekaru, mafi yawa ga Turawa. In aka haɗa su da gandayen, sun haura kashi 40 cikin ɗari na ƙasar jihar Arewa ta Kamaru. Da Kenya ta haramta farauta a 1977, kasuwar ta watsu zuwa wasu ƙasashe, Kamaru da Afirka ta Tsakiya kuma na cikin inda mai son yamusa ke zuwa. Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin dokar gandun daji ta 1994, wadda ta yi aiki shekara 30, da ƙa'idojinta na 1995. Sun yarda da abin da suka kira farautar gargajiya, sai suka fassara ta da cewa ita ce wadda ake yi da kayan da aka haɗa daga tsirrai kawai, a kan ƙananan dabbobi, don ci a gida. Ke nan kibiya mai bakin ƙarfe, wadda maƙeran yankin suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙerawa, ba ta cikin gargajiya a idon waccan doka. Mutumin da zai iya bin bijimin yamusa yini guda a kan tsakuwa, abin da aka halatta masa a bakin kansa shi ne gafiya da sanda.

Ya kamata a tsaya a kan mene ne wannan sani, domin masu tallar safari sukan ambace shi a gurguje kamar wata baiwa ce da aka haifi baƙar fata da ita, irin ta kare mai shinshina. Karatu ne, kuma sai an shekara ana yinsa. Yamusa kan sa ƙaho ta karya reshen doka don ta kai ga toho. Mai sawu zai dubi karayar, in tana da fari da danshi garken bai yi nisa ba, in ta fara ja ganyen ya yanƙwane to an yi sa'o'i. Zai duba ko tururuwa ta ratsa cikin kofaton, ko sawun tsuntsun safe ya hau kansa, ko raɓa ta sauka bayan an taka. A inda aka ƙone ciyawa, toka kan riƙe sawu kamar tawada a allo, amma iskar hunturu tana share shi kafin azahar, a kan marmara kuma babu abin gani sai ɗan dutsen da aka juya ya nuna cikinsa mai duhu. A cikin garke mai kai talatin zai ware kofaton bijimi ɗaya ya riƙe shi a ka. In sawu ya ɓace, ba ya tsayawa lalube, sai ya tambayi kansa: da ni ne wannan dabba, a wannan zafi, da wannan iska, ina zan nufa? Ya yanke ya tari gaba, in bai samu ba ya dawo ya sake lissafi. Yana tafe yana kaɗa ɗan ƙunshin toka don ya ga inda iska ke kai warinsu, domin da rana ta take sai iska ta fara juyawa, kuma a daidai lokacin ne garken ke tsayawa a inuwa. Louis Liebenberg na Afirka ta Kudu, wanda ya zauna da maharban Kalahari, ya rubuta littafi a 1990 yana cewa wannan hanyar tunani, ta kafa zato a kan alama sannan a gwada shi, ita ce tushen kimiyya. Ko mutum bai bi shi har can ba, dole ya yarda cewa a cikin kwana goma na farauta, aikin baƙo bai wuce na daƙiƙa goma ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare sana'ar suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Sukan ce a dubi inda yamusa ta rage. Irinta na yamma ya koma 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka, kusan duka a Niyokolo Koba ta Sanigal. A Najeriya, wadda gandunta na Gashaka Gumti ke kusa da Faro, an daina ganin garkenta na dindindin. A Kamaru kuwa, bayan bushiyar 1983 ta yi mata mummunar ɓarna, ta farfaɗo, kuma mafi yawan dajin da ta farfaɗo a ciki yankunan haya ne, inda mai haya ke biyan masu sintiri, yana gyara hanyoyi, yana harbin tsofaffin bijimai ƙalilan a shekara bisa adadin da hukuma ta yanka. Na yarda da wannan, kuma duk wanda ya musa bai yi wa gaskiya adalci ba. Sai dai a lura da abin da ya yi aikin. Harsashin baƙo bai ceci dabba ko ɗaya ba. Abin da ya cece ta shi ne an hana gatari da garma da garken shanu shiga dajin doka. Tambayar ita ce wa ke biyan kuɗin wannan hani, kuma har yaushe zai yarda ya ci gaba da biya. A ƙa'idar rabon kuɗin haya ta zamanin dokar 1994, rabi na gwamnati ne, kashi 40 na ƙaramar hukuma, kashi 10 kacal na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin. Su ne kuwa aka hana kiwo da itace da nama, su ne giwa da gwaggon biri ke cinye wa gona. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, jama'a ke kwararowa daga arewa mai nisa neman ƙasar noman auduga da masara, ga makiyaya da fari da rashin tsaro suka koro kudu, ga masu haƙar zinariya a cikin koguna. Daji mai faɗin haka ba ya tsaruwa da 'yan sintiri goma sha in mutanen da ke bakinsa ba su ga nasu a ciki ba. An ga iyakar tsarin a farkon 2012, lokacin da mahaya ɗauke da manyan bindigogi suka shigo Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Shekara guda kafin nan aka tabbatar da ƙarewar baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda mafakarsa ta ƙarshe wannan dajin ne, a tsakiyar gandaye da yankunan haya.

Wasu kuma za su ce ina yi wa maharbin gargajiya kwalliya, alhali da an sakar masa mara da tuni ya ƙarar da komai, ga kasuwar banda a birane, ga tarkon waya, ga bindigogin yaƙi. Gaskiya ne maharbin yau ba na jiya ba ne, kuma ba wanda ke da hankali da zai ce a buɗe daji kowa ya shiga. Amma mai tarkon waya ɗan wannan tarihi ne. Mutumin da doka ta ce ba shi da rabo a yamusar baɗi ba shi da dalilin barin ta bana; in ya bar ta, wani ya bar wa. Inda aka gwada mayar da iko, an ga bambanci. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon namun dajin ƙasarsu, su ne ke ƙulla yarjejeniya da kamfanin farauta, kuɗi da nama su shigo hannunsu, kuma namun daji sun ƙaru a yankuna da dama na irin wannan. Tsarin yana da nasa matsaloli, Kamaru ma ta gwada haɗin gwiwa da ƙauyuka a yankuna biyu a gefen Binuwai, amma biyu cikin kusan talatin gwaji ne kawai.

Daga ɗaya ɓangaren akwai masu cewa a haramta abin ɗungurungum, kamar 'yan majalisar wakilan Birtaniya da suka amince a 2023 da ƙudurin hana shigo da ƙahonni da fatun farauta, kafin ya maƙale a majalisar dattawa. Ina fahimtar ƙyamar da mutum zai ji in ya ga attajiri na murmushi a kan gawar dabbar da ba yunwa ta sa ya kashe ba. Amma dajin doka ba wurin masu yawon ɗaukar hoto ba ne: ga tsando, ga zafin da ke haura digiri 40 a watan Maris, ga dabbar da ba ta tsayawa a gan ta. Afirka ta Tsakiya ta nuna abin da ke biyo baya. Da yaƙi ya ɓarke a 2012 da 2013, kamfanonin farauta suka watse, kuma ba masu kyamara ne suka maye gurbinsu ba. Yankin Cinko ya tsira ne don an mayar da tsohon yankin farauta wurin kariya a 2014 da kuɗin masu ba da taimako daga waje, irin kuɗin da ba zai ishi kowane daji ba. Duk haramcin da za a yanke a Landan ba tare da an tambayi mutumin Rai Buba ba, maimaicin 1933 ne da sabuwar riga.

Akwai kuma wata matsala da sana'ar ta haƙa wa kanta. Sanannen abu ne a cikinta cewa gwanayen masu sawu da yawa tsofaffin maharban ɓoye ne da aka jawo aka ba albashi, aikin wata huɗu ko biyar a shekara, sauran ya dogara ga abin da baƙo ya miƙa ranar tafiya. A can suka koya, a farautar da doka ke ɗaure mutum a kanta. Makarantar Garwa ta yaye jami'ai daga ƙasashen Afirka da dama, amma takardar shiga take nema, wadda mai sawu ba shi da ita. A kudancin nahiyar an fara jarraba masu sawu ana ba su shaidar ƙwarewa mataki-mataki tun shekarun 1990, har wanda bai iya karatun boko ba yana iya kai wa ƙololuwa. A kwarin Binuwai jagoran farauta yana da lasisi da sunansa, baƙo yana da lasisi da sunansa, bindiga ma tana da takarda. Yaron da ke tasowa yau a ƙauyen Duru a bakin titin Garwa zuwa Ngaundare, in yana son ya iya abin da kakansa ya iya, hanya biyu ce a gabansa: ya samu shiga sahun masu ɗaukar ruwa a can ƙarshen layi yana leƙen abin da na gaba ke dubawa, ko ya bi kawunsa cikin dare ya koya da fargabar masu sintiri a bayansa.